Kaɗan-Kaɗan, A Kai A Kai, Tare Da Hutu

Ina gaida na gida da na kasuwa, da direban da ke saurare a bakin sitiyari, da uwargidan da ta ajiye rediyo kusa da murhu.

Yau maganar motsa jiki za mu yi. Amfaninsa ba ya buƙatar dogon bayani. Likita ya faɗa, malamin makaranta ya faɗa, rediyo ma ya sha faɗa. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda za a yi shi. Kwana nawa a mako? A fara da me? A ƙara me? A tsaya a ina?

Amsata gajera ce, kuma zan yi ta maimaita ta har mu rabu. Jiki yana ginuwa ne kaɗan-kaɗan, a kai a kai, tare da hutu. Wannan shi ne tsari, kuma tsari ke gina jiki.

Bari mu fara da abin da idonmu ke gani.

Ranar Asabar da sassafe, ka leƙa filayen wasa da manyan titunan biranenmu, daga Kano zuwa Kaduna, daga Yamai zuwa Damagaram. Jama'a sun fito, abin gwanin daɗi. A cikinsu akwai magidanci mai shekara 50. Likita ya ce jininsa ya hau, ya rage gishiri, ya riƙa motsa jiki. Ya sayi sabon kambas. Kwana shida yana zaune a shago, yau ya shiga sahun samari 'yan ƙwallo. Sun ruga, ya ruga. Kafin a zagaya fili sau biyu, ya dafa gwiwa yana haki. Washegari jiki ya yi tsami, ruku'u ma da ƙyar. Asabar ta gaba ya sake gwadawa, agara ta ɗaure. Ta uku bai fito ba. Ya ce shi motsa jiki bai karɓe shi ba.

Da yamma kuma ka shiga lungu. A wani kango, samari sun samo sandar ƙarfe, sun cika manyan gwangwanaye biyu da siminti, sun soka a gefe da gefe. Yaro ya kwanta a benci, abokai sun kewaye shi suna cewa, "Ƙara ɗaya! Ƙara ɗaya!" Hannu na rawa, gadon baya ya banƙare, jijiyar wuya ta fito. Gobe ma haka, jibi ma haka, ƙirji da damtse kawai. Bayan 'yan watanni kafaɗa ta fara ciwo, ƙugu ya riƙe, ƙarfin kuma ya tsaya cik.

Mutanen nan ba ragwaye ba ne, kuma niyyarsu mai kyau ce. Tunani ɗaya ne ya ci su: wai in ba ka sha wuya ba, ba ka yi komai ba. Wannan tunani ya kori mutane da yawa daga fili. Shi nake so mu gyara yau.

Amma kafin nan, ga dalilin da ya sa maganar ta dame ni.

A shekarar 1953, wani likita a Landan mai suna Jeremy Morris ya fitar da sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin safa masu bene. Direba yana wuni a zaune. Kwandasta kuwa yana hawa sama yana saukowa, yana karɓar kuɗin mota. Mota ɗaya, hanya ɗaya, gari ɗaya. Amma ciwon zuciya ya fi kama direbobi, ya kuma fi yi musu illa. Daga nan masana suka fara ɗaukar yawan zama a matsayin haɗari ga lafiya.

Yanzu mu dubi kanmu. Kakanninmu ba su san filin motsa jiki ba, don rayuwarsu kanta motsi ce. Cin kasuwa a ƙafa, noma, daka, jan guga a rijiya. Yau ɗan birni sai ya hau babur ko adaidaita-sahu zai je bayan layinsu. Injin niƙa ya karɓi aikin turmi. Mun sami sauƙi, alhamdu lillahi. Sai dai hawan jini da ciwon suga sun biyo sauƙin har gida. Motsin da rayuwa ta daina ba mu, dole mu tsara wa kanmu shi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da mizani mai sauƙin riƙewa. Baligi ya sami aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, wato rabin awa sau biyar. Ya haɗa da aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu. Can za mu. Amma ba a rana ɗaya ake isa ba.

To, ga ƙa'ida ta farko: ƙari kaɗan-kaɗan.

Allah Ya halicci jikin ɗan Adam da sabo. In ka ɗora masa aikin da ya ɗan ɗara wanda ya saba, sai ya gyara kansa don ya iya ɗauka gobe. Zuciya ta ƙara ƙarfin harba jini. Tsoka ta ƙara kauri. Ƙashi ya ƙara ƙwari. In aikin bai kai wanda ya saba ba, babu abin da zai canja. In kuma ya wuce ƙima, rauni za a samu.

Duk manomi ya san wannan a tafin hannunsa. Farkon damina, wanda ya daɗe bai riƙe fartanya ba, in ya wuni yana noma tun ranar farko, hannu zai yi bororo, ya fashe, ya kwana uku bai koma gona ba. Wanda ya yi kaɗan yau, ya ƙara gobe, nasa hannun kanta zai yi. Abin da ke faruwa a fatar hannu, shi ke faruwa a tsoka da jijiya da zuciya.

Mutanen da ma sun gane haka. Girkawa suna ba da labarin wani ɗan kokawa mai suna Milo, wanda ya yi zamani kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Wai ɗan maraƙi ya riƙa saɓawa a kafaɗa kullum. Maraƙi na girma, ƙarfinsa na ƙaruwa, har aka wayi gari yana ɗaukar bijimi. Labari ne, amma darasinsa gaskiya ne.

Wanda ya mayar da darasin magani a asibiti shi ne Thomas DeLorme, likitan sojan Amurka. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, asibitoci sun cika da sojoji masu rauni, cinyoyinsu sun rame sun saki saboda doguwar kwanciya. Motsi mara nauyi ake ba su a lokacin, warkewa kuma tana jan lokaci. DeLorme shi kansa mai ɗaga ƙarfe ne. Sai ya sa aka nemo wa kowane majinyaci nauyin da zai iya ɗagawa sau 10 kacal. Ya yi ta aiki da shi. Da ya yi masa sauƙi, sai a ƙara kaɗan. Sojoji suka riƙa miƙewa da wuri. DeLorme ya wallafa wannan hanya a 1945, kuma har yau a kanta ake tafiya a sashen gashin ƙashi da gidajen motsa jiki.

A aikace, abu ɗaya za ka riƙa ƙarawa a lokaci guda. In makon nan ka ƙara minti, kada ka ƙara sauri. In ka ƙara nauyi, kada ka ƙara yawan ɗagawa. Ka kuma san cewa numfashi yana riga jijiya sabawa. Bayan 'yan makonni za ka ji haki ya ragu, ƙarfin gwiwa ya zo maka. Amma gwiwar kanta, da agara, da idon sawu, ba su gama shiri ba. A nan ne masu farawa da yawa ke jin ciwo. Sannu ba ta hana zuwa.

Mu je ga ƙa'ida ta biyu, wadda samari suka fi rainawa. Ita ce hutu.

Ku saurara da kyau. A fili gajiya ake samowa, ƙarfi kuwa a gida yake zuwa. Lokacin da kake ɗaga nauyi, tsoka tana ƙone abincinta, tana kuma samun ƙananan raunuka da ido ba ya gani. Sai ka koma gida, ka ci, ka sha, ka yi barci, sannan jiki ke gyara wurin, ya ƙara masa ƙwari fiye da da. Wanda ya hana jikinsa wannan dama, kullum ragewa yake yi, ba ya ƙaruwa.

Shi ya sa masu horarwa ke cewa tsokar da ta sha aiki mai nauyi yau, a bar ta gobe, a koma mata jibi. Shi ya sa kuma ake bin rana mai zafi da rana mai sauƙi.

Ku dubi Eliud Kipchoge na ƙasar Kenya. A watan Oktoban 2019, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, ya yi gudun kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu, abin da ba a taɓa yi ba. Mutum zai ɗauka kullum a guje yake iya ƙarfinsa. Ba haka ba ne. A sansaninsu na Kaptagat, mafi yawan gudunsa na mako a natse yake yin sa. Ranaku kaɗan ne ake matsa wa jiki. Yana barcin dare, yana na rana, yana kuma rubuta aikin kowace rana a littafi. Tunda gwarzon duniya bai raina gudu a hankali ba, mu ma kada mu raina.

Hutu ya haɗa da barci, awa bakwai ko fiye ga baligi. Ya haɗa da abinci. Ba sai an sayi garin gwangwani mai tsada ba. Wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, awara, nono, ƙwai, kifi, da nama gwargwadon hali, duk suna gina tsoka. Tuwo da fura su ba da ƙarfin aiki. Zogale da sauran ganye su cika.

A kuma rarrabe tsami da ciwo. Tsamin jiki yakan zo washegari, ya bazu a tsoka, ya wuce cikin 'yan kwanaki. Ciwo kuwa suka yake yi a wuri ɗaya, sau da yawa a gaɓa, yana ƙaruwa in an ci gaba. Tsami ana iya lallaɓawa da shi. Ciwo tsayawa ake yi. Haka nan in barci ya ƙi zuwa duk da gajiya, abinci ya fita rai, nauyin da ake ɗagawa jiya ya gagara yau, to jiki hutu yake nema. A ba shi.

Kaɗan-kaɗan, a kai a kai, tare da hutu.

Ƙa'ida ta uku, masu sauraro: abin da ka horar da jiki a kai, shi zai iya.

Ɗan dambe da ɗan kokawa duk ƙarfafa ne, amma ƙarfinsu ba iri ɗaya ba ne. Ɗan dambe yana buƙatar zafin nama, da saurin hannu, da ƙafar da ta iya kaucewa. Ɗan kokawa yana buƙatar riƙo, da ƙugu, da cinyar da ba ta gocewa. Tun 1975 da aka fara gasar kokawa ta neman takobi ta Nijar a Tawa, daga zamanin Kantu na Maraɗi har zuwa Isaka Isaka na Doso, mai neman takobi da kokawa yake shiri, cikin rairayi, tare da abokan karawa. Gudu yana taimaka masa, ɗaga nauyi ma haka, amma ba sa maye gurbin kamun kokawa.

Don haka kafin ka ɗaura takalmi, tambayi kanka: me nake nema? Mai neman lafiyar zuciya da saukar hawan jini, tafiya da sauri da keke da sassarfa ne abokansa. Mai neman ƙarfi, nauyi zai ɗaga. Ɗan ƙwallo yana buƙatar gajeren gudu mai zafi, da tsayawa, da juyawa. Saurayin da ke son shiga aikin soja, inda za a gwada shi da gudu, ya fara gudu tun saura watanni. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A nan zan tsaya in gyara kuskure biyu da suka yaɗu.

Na farko, maganar tumbi. Mutum zai yi ta kwanciya yana tashi sau ɗari don teɓa ta zube. Wannan yana ƙarfafa tsokar ciki, amma ba ya zaɓar kitsen da ke samanta ya narkar. Kitse daga jiki gaba ɗaya yake raguwa, in motsi ya ƙaru, aka kuma rage lemon kwalba da suga da maiƙo.

Na biyu, maganar gumi. Wasu suna sa rigar leda ko rigar sanyi a cikin rana don su yi gumi. Gumi ruwa ne, kana shan ruwa ya dawo. A zafin ƙasarmu, wannan ɗabi'a tana iya kai mutum ga suma, tana kuma wahalar da ƙoda. Don Allah a bari.

Ga ƙa'ida ta huɗu: kowa da nasa. Bahaushe ya ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Tsarin da ka ga wani yana yi a bidiyon waya, don jikinsa aka yi shi, da shekarunsa, da abincinsa. Mutum biyu za su yi atisaye ɗaya, wannan ya ga canji a wata guda, wancan sai a wata uku. Kada ka auna kanka da abokinka. Auna kanka da yadda kake a watan jiya.

Baba da Inna da suka haura shekara 65, su ma suna cikin wannan magana, har sun fi mu buƙata. Ban da tafiya, su riƙa aikin daidaita tsayuwa kwana uku a mako. Tsayuwa da ƙafa ɗaya ana dafe da bango. Tashi daga kujera a koma a hankali. Faɗuwa ce ke kwantar da tsofaffi da yawa, kuma ƙarfin cinya ne ke tare ta.

'Yar'uwa mai sauraro, ke ma da ke ake. Ba sai kin je fili ba. Tsakar gida ta isa. Zagaye da sauri, tsallen igiya, tsugunno da miƙewa, duk motsa jiki ne cikakke. Ɗaga nauyi daidai gwargwado ba zai mayar da jikinki na namiji ba. Ƙashinki zai ƙarfafa, abin da za ki gode wa bayan al'ada ta ɗauke. Mai juna biyu da ba ta da matsala, ita ma ana son ta riƙa motsawa, bayan ta yi shawara a wajen awo.

Yara kuwa awa guda ake so su samu kullum. A bar su su yi langa, su buga ƙwallo, su yi tsere. Ɗan dako da lebura da manomi, aikinsu ya riga ya ɗora musu nauyi. Su abin da suka fi buƙata shi ne hutu, da abinci, da koyon ɗaukar kaya da ƙarfin cinya maimakon ƙugu. Mai hawan jini, mai ciwon suga, mai asma, mai sikila, mai ciwon zuciya, kowa ya ga likita kafin ya fara. Likita zai gaya masa iyakarsa.

Sai ƙa'ida ta biyar: ɗorewa. Abin da aka bari, tafiya yake yi.

A shekarar 1966, a birnin Dalas na Amurka, masu bincike sun kwantar da samari biyar lafiyayyu, 'yan shekara 20, mako uku ba sa sauka daga gado. Da aka auna su, ƙarfin zuciyarsu da numfashinsu ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Aka sa su atisaye na 'yan makonni, ƙarfin ya dawo. Bayan shekara 30 aka sake kiran mutanen nan aka auna su. Sai aka tarar kwanciyar mako uku ta fi yi musu ɓarna a kan tsufan shekara 30.

Darasi biyu ke nan. Zama yana cin jiki da sauri. Kuma abin da ya tafi yana dawowa in an koma aiki. Saboda haka rabin awa sau biyar a mako ta fi amfani ga mai farawa a kan wahalar rana ɗaya da za ta kore shi. Tsarin da ya fi kowane kyau shi ne wanda za ka iya riƙewa har baɗi.

To, jama'a, mun ji ƙa'idoji biyar. Yanzu mu haɗa su, su zama mako guda.

Mu ɗauki ɗan kasuwa mai shekara 45, wanda ke wuni a shago a Kantin Kwari, ya daɗe bai motsa ba. Tambaya huɗu zai amsa. Kwana nawa? Minti nawa? Da wane ƙarfi? Wane irin motsi?

Litinin da Laraba da Juma'a, tafiya ce bayan sallar asuba. Minti 15 ya isa a makon farko. Ya fara a hankali har jiki ya ɗumama, sannan ya ɗaga ƙafa. In zai gama, ya sake sassautawa, ya miƙe gaɓoɓi. Ta yaya zai san ƙarfin ya yi daidai? Bakinsa zai gaya masa. In yana iya magana amma ba ya iya rera waƙa, yana kan matsakaici. In ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya jan numfashi, ya shiga mai zafi, sai ya rage.

Talata da Asabar, aikin ƙarfi ne, a cikin gida. Ya zauna a kujera ya tashi, don cinya. Ya dafa bango da hannu biyu ya tura jikinsa, don ƙirji da kafaɗa. Ya dafa benci da hannu ɗaya, ya jawo ƙaramar jarkar ruwa daga ƙasa zuwa gefen cikinsa, don gadon baya. Ya kwanta rigingine, ya lanƙwasa gwiwa, ya ɗaga ƙugu. Kowanne sau 10, ya huta, ya sake zubi na biyu. Biyun ƙarshe su ba shi wuya, amma kada jiki ya karkace. Kada kuma ya riƙe numfashi yayin ɗagawa, musamman mai hawan jini. Alhamis da Lahadi hutu ne.

Ƙari kuma fa? Kowane mako ya ƙara minti biyar a tafiya, har ta kai rabin awa. Sannan ya ƙara rana ta huɗu, daga baya ta biyar. Jarka kuwa ya riƙa ƙara mata ruwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, lissafi ya zo da sauƙi. Mako uku yana ƙarawa, na huɗu ya sassauta, sannan ya ɗora. Ya sami ɗan littafi ya riƙa rubutawa. Ranar da kasala ta zo, littafin zai nuna masa nisan da ya yi.

Ku kuma samari masu ɗaga ƙarfe, ga naku. Jiki ba ƙirji da damtse kaɗai ba ne. Ku ba cinya da gadon baya haƙƙinsu. Ku raba kwanaki, yau sama, gobe ƙasa, jibi hutu. Ku ƙware a ɗagawa daidai da ƙaramin nauyi kafin ku nemi babba. Kada kowa ya kwanta ƙarƙashin ƙarfe babu mai tsaya masa a kai.

Daga mako, mu ɗaga ido mu dubi shekara.

A shekarun 1960, wani masanin wasanni na Tarayyar Sobiyat, Lev Matveyev, ya tsara yadda ake raba shekarar ɗan wasa gida uku: lokacin shiri, lokacin gasa, da lokacin sauke gajiya. Ba a zama kan ganiya wata goma sha biyu. Mu ma a gargajiyance dambe da kokawa lokacinsu kaka ne, bayan amfani ya shigo gida. Don haka mu tsara shekararmu da yanayinmu.

Da bazara, a fita da asuba ko bayan rana ta yi sanyi. A rage sauri na mako ɗaya ko biyu har jiki ya saba da zafin. A sha ruwa. In fitsari ya yi ja, ruwa bai isa ba. Da hunturu, a tsawaita ɗumama jiki, ranar da ƙura ta yi yawa kuma a yi a cikin gida, musamman mai asma. Da azumi, a rage amma kada a daina. Tafiya mai sauƙi dab da shan ruwa, mai nauyi kuma bayan an sha ruwa ko bayan asham. Kwana biyu a mako sun isa su riƙe maka mafi yawan abin da ka tara.

Kafin in rufe, ga gargaɗi biyu.

Na farko, ƙwayoyi. Akwai masu shan tiramol don kada su ji gajiya. Akwai masu allurar kumbura ƙwanji. Gajiya da ciwo su ne ke gaya maka ka tsaya. Wanda ya kashe su da ƙwaya zai yi wa kansa illa bai sani ba, ga jaraba, ga haɗarin farfaɗiya. Allurar kumburi kuwa tana taɓa hanta da zuciya, tana taɓa haihuwa. Ƙwanjin wata uku bai kai lafiyar shekara 30 ba.

Na biyu, alamun haɗari. Ciwo ko nauyi a ƙirji, jiri, numfashi ya sarƙe fiye da ƙima, zuciya ta riƙa bugawa barkatai. Duk wanda ya ji ɗaya daga cikin waɗannan, ya tsaya nan take, ya nufi asibiti. Wannan ba wurin nuna jarumta ba ne.

Ɗan'uwa mai sauraro, 'yar'uwa mai sauraro, ga kalmata gare ku. Jikin nan amana ne. Da shi muke sallah, da shi muke neman halak, da shi muke ɗaukar 'ya'ya da jikoki. Kula da shi ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, ba ya buƙatar azaba. Tsari yake buƙata, da haƙuri.

In ka taɓa farawa ka bari, ba jikinka ne ya gaza ba. Ka dawo, ka fara daga ƙasa. In ba ka taɓa farawa ba, gobe da asuba minti 15 sun ishe ka. Ka ja maƙwabcinka ku tafi tare, ki ja 'yar'uwarki ku yi tare, don tafiyar mutum biyu ta fi ɗorewa. Mai gida ya ƙarfafa wa iyalinsa gwiwa. Babba ya ja kunnen yaron da ke neman ƙarfi a ƙwaya.

Kaɗan-kaɗan, a kai a kai, tare da hutu. Ku riƙe wannan, ku gaya wa wanda bai ji ba.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.